Inda Wayar Ta Tsinke

Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In magana ta yanke mini, kuka ne, don wata biyar ke nan da rasuwar Malam, mijina, kuma har yau ban saba ba.

A Kaikai na tashi, a hannun kakata Iya Dela. Kaɗi ne sana'arta. In an yi magariba an ci tuwo, sai ta tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna tona gujiya daga toka. Mazari na juyawa, tana dangwalar alli da yatsa, baki kuma bai huta ba.

"Ga tawa nan tafe, ku matsa mata," haka take farawa.

Mu ce, "Ta zauna, Iya!"

In wani cikin mazan ya fara gyangyaɗi sai ta zungure shi. "Kai maigida, haka za ka riƙe ni? Kaji ma ba su gama shiga akurki ba!"

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai wani bafatake ne zai yi tafiya mai nisa, sai matarsa ta kaɗa zare mai tsawon da ba a taɓa gani ba. Ta ɗaura masa baki ɗaya a hannu, ɗayan a nata. Kullum da safe ya ja sau ɗaya, ta ja sau biyu, kowa ya san ɗan'uwansa na lafiya. Ran nan ta ja, zare ya taho sako-sako. Gari ya ɗauka ya mutu, dangi har sun fara zancen rabon jakunansa. Ita kuwa ta ce sai ta ga inda zaren ya ƙare. Ta daka guzurin shekara guda, ta yi sallama da kowa, ta riƙe zare tsakanin yatsu ta bi shi. Taku bakwai ta yi. Nan bayan turke ta tarar akuyarta ce ta tauna shi. Ta tofa yawu, ta murza baki da baki, sai ta ji an ja daga can.

Na ce, "Iya, shi ke nan? Ba dodo?"

"Dodon me, 'yar nema? Guzurin ma a tsakar gida ta cinye shi. In abu ya yanke miki, bi shi da hannu daga inda kike, kafin ki hau duban nesa."

A lokacin haushi na ji, na ɗauka rowar labari ta yi mana.

Aure ya kawo ni Fakuwa, na tsufa a nan. Autana Sale, da ke zaune Kankia, shi ya sa mana sola da talabijin, aka kafa dish a kan zaure. Wata farar waya ta sauko daga can, ta bi katanga, ta zagaya bayan rumbu, ta shiga taga zuwa dikoda. Malam bai samu zuwa hajji ba, kuma tasha ɗaya ya sani, ta Makka. Bayan la'asar mukan zauna muna kallon masu ɗawafi.

"Binta, duba wancan tsohon mai sanda. Ni ne."

"To ni ina nake, Malam?"

"Kin tsaya ciniki."

Da aka yi arba'in ɗinsa na yi ƙarfin hali na kunna. Babu komai sai shuɗi da wani ɗan rubutu. Sale ya zo ya hau ya juya dish ɗin gabas da kudu, ya aro wata dikodar ya gwada, shiru. Ya ce, "Inna, ya mutu. Ran Juma'a zan sauke shi in ba 'yan gwangwan. In kin gama takaba ki dawo wurina, akwai babbar talabijin."

Ba babba nake so ba. Wurin zamanmu nake so, da tabarmar nan, da tsohon nan mai sanda.

Ran Alhamis da hantsi ina tsince wake sai muryar Iya Dela ta faɗo mini. Na tashi na kama wayar daga bakin taga, na bi ta da yatsu ina dafa katanga. A bayan rumbu na ji ta taho mini sako-sako. Ashe masu kafa rumfar zaman makoki ne suka ɗaura igiya a jikinta, suka ja har ta rabu. Kuma daidai inda Malam ya taɓa haɗa ta ne lokacin da ɓera ya ci ta. Ga ledar da ya naɗa, ga tsumman tsohuwar shuɗiyar rigarsa, da irin ƙullin da yake yi wa bakin buhu. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Sannan na tofa yawu na murza baki da baki, na koma ɗaki. Shuɗin na nan.

Na aika wa Sale, washegari ya zo da Hamisu mai gyaran dish. Da na faɗa masa abin da na yi, dariya har da riƙe ciki.

"Inna, wannan ba auduga ba ce! Ruwa ne babban abokin gabarta. Amma wallahi kin rage mini aiki."

Ya yanke wurin da ya yi tsatsa, ya fere, ya nuna mini jan ƙarfe siriri a tsakiya da wata raga da ke kewaye da shi, ya ce in suka taɓa juna hoto ba ya zuwa. Ya sa wa kowane baki kan ƙarfe, ya murɗa su suka haɗu. Sai muka ji Sale daga ɗaki yana cewa, "Inna, ga Ka'aba!"

Na roƙi Hamisu ya mayar da tsumman a kai. Ya mayar, bai tambaye ni dalili ba. Allah ya yi masa albarka, shi da Sale. Allah ya jiƙan Iya Dela, wadda ta ba ni guzuri tun ina ƙarama, ban san na ɗauka ba sai da na haura saba'in.

Na san nawa ba irin na matar bafatake ba ne, Malam ba zai ja daga can ba. Addu'a ce zaren da ya rage, ita nake murzawa safe da yamma. Amma jiya bayan la'asar na hango wani tsoho mai sanda cikin masu ɗawafi, yana tafe a hankali kamar mai jiran wani. Na ce, "Malam, na kusa gama cinikin. Allah ya haɗa mu."