Maɓalli na biyar a rediyon mahaifina

Shekaru da yawa ke nan, wajen tsakiyar shekarun tamanin, ina aikin akawu a Illela. Idon mahaifina ya riga ya tafi, rediyo ce kawai abokiyar hirarsa, ita ma kullum sai ya kira wani ya murɗa masa tasha. Da na gaji da kira sai na tsallaka Konni na sayo wata mai maɓallai biyar. Za ka zaro maɓalli, ka murɗa har ka kamo tashar, ka mayar da shi ciki, daga nan dannawa ɗaya ta wadatar.

Na sa masa Sakkwato, Kaduna, Nijar da wata ta ƙasar waje. Kowane maɓalli na ɗiga masa ƙaro yadda yatsa zai gane: ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ranar har wani taku nake yi a tsakar gida kamar ni na ƙera rediyon.

Na biyar ya ce in bar masa. Da kansa ya yi ta murɗawa har ya tsaya a inda babu tasha, sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, ya danna maɓallin ciki. Kullum bayan la'asar nan yake saurare. Na tambayi mahaifiyata, ta ce yayana yake jira. Yayan nawa shekara shida ke nan da ya bi motocin Agadas, ko wasiƙa babu.

Abin ya dame ni, don na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Wata Talata yana masallaci na zaro maɓallin na mayar da shi tashar waƙa, wai ni mai dabara. Da ya danna ya ji kalangu, bai yi faɗa ba.

"Wa ya taɓa min wanga?"

"Ni ne, Baba. Na ga babu kowa a wurin."

"Kai ka ga babu kowa," in ji shi. "Ka ruhe mai ƙofa."

Daga ranar abinci ya daina shigar masa. Na tsorata, na koma neman wurin. Amma shuuu ɗin duk iri ɗaya ne a kunnena. In tsaya nan, ya girgiza kai: "Ba nan na ba." Haka muka yi ta yi kowace la'asar har kwana tara.

Ran Alhamis ina cikin murɗawa, bayan la'asar, awaki na kuka a waje, sai na ji gyaran murya sau biyu daga cikin rediyon. Yayana haka yake yi a ƙofar zaure kafin ya yi sallama.

"Tsaya nan," in ji Baba. Ya kara kunne, can ya ce, "Wa alaikumus salam." Ya ɗan jima, sannan ya yi salati a hankali, ya ce in kira masa mahaifiyata. Ni bayan gyaran muryar ban ji komai ba.

Bayan mako guda wani direba ya yi sallama da jakar yayana a hannu. Ya rasu a Agadas ranar Alhamis bayan la'asar. Na raka direban bakin tasha, na tambaye shi ko ya daɗe yana jinya.

"Kwana tara yay yi kwance," in ji shi. "Kullum da la'asar sai ya yi ta kiran Baba, yana cewa mi ya sa ba a amsa mai."

Ban taɓa gaya wa mahaifina wannan ba har ya bar duniya. Na yi karatu daidai gwargwado, na san rediyo ba ta magana da matattu, amma har yau in na tuna sai kunya da tsoro su kama ni tare.

Kwanan baya 'yata ta zauna tana jera min maɓallan gajeriyar hanya a saman shafin intanet na kwamfutata: na labarai, na wasiƙu, na karatun Alƙur'ani. Ta ga wani a ƙarshe wanda ba ya buɗe komai sai farin shafi, ta kai hannu za ta goge. Na riƙe hannunta na ce ta bar shi, ba nata ba ne.