Ɗan Sandan Kwali na Hanyar Erdington

Jiya na hango ɗan sandan kwali a bakin titi, irin wanda ake kafawa don direbobi su rage gudu, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini tuƙin tirela. In muka taso daga Manchester, akwai wani irinsa dab da Erdington. Kullum Kawu sai ya rage gudu, ya ɗaga masa hannu: "Sannu da aiki, Yallaɓai."

Ran nan ni ke tuƙi, ana ruwa, Kawu ya ce in rage gudu. Na ce, "Kawu, kwali ne fa!"

"Na sani. Taka birki."

Na taka ina gunaguni. Muna shan kwana, sai ga mota ta mutu a tsakiyar titi, mace da 'ya'yanta a ciki. Saura taku uku mu buge ta muka tsaya.

Jiyan ma na gaida kwalin. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu.