Gishirin Baikon Anti Rabi

Ranar Laraba ce da hantsi, a hutun Ista na shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, motarmu ta tsaya a tsakiyar wani fili fari fat a kudancin Tunisiya. Na sauko na runtse ido saboda haske, da na buɗe sai na ga babu itace, babu tsuntsu, babu ko ciyawa, gishiri ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ya tsattsage kamar bayan kunkuru, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Direbanmu, wani Balarabe, ya ce wurin nan ya fi teku kwari, mu a ƙasansa muke tsaye. Na ɗaga kai ina neman ruwan da ya rataye a samanmu, na ce a raina lallai a irin wannan wuri ya kamata masoya su yi alƙawari. Kusa da ni kuwa Uncle Kabiru, mai neman auren Anti Rabi, ƙanwar mahaifiyata, yana kaɗe farar shaddarsa, yana leƙa takalminsa ko ya ɓaci.

A lokacin muna zaune a Camberwell, a saman wani flat na council, wato gidan hayar hukuma, mai matakalar siminti ta waje. Baba yana aiki a babban asibitin unguwar, Mama tana ɗinki a gida, Anti Rabi kuwa nas ce, kuma ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita. Aikina ne wanke-wanke bayan makaranta, da jan kayan wanki zuwa laundrette ranar Asabar, da bin Mama Peckham in riƙe mata ledar attarugu da busasshen kifi har yatsuna su sage don sanyi. Idan na samu sarari, mu zauna a bakin matakala da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Ghana muna carafke da duwatsun da muka tsinto a park. Amma abin da na fi so yana ƙarƙashin gadon Anti Rabi: akwati guda na littattafan soyayya da ake kawo mata daga Kano, duk sun ɗauki ƙamshin kilishi da daddawar da aka ɗauro su tare. Da su ta koya mini karatun Hausa. Daga cikinsu na san cewa namijin kirki dogo ne, mai saje, mai taushin murya, kuma in masoyiyarsa ta yi tuntuɓe shi ne zai fara zubar da hawaye.

To da Uncle Kabiru ya bayyana, sai na ga kamar daga akwatin ya fito. A masallacin Regent's Park ya hango ta ranar Sallah. Dogo ne, wankan tarwaɗa, sajen nan kwance luf, turarensa yana riga shi hawa matakala. Tikitin jirgi yake sayarwa a wani ɗan ofis a Stratford, amma idan yana magana sai ka ɗauka jiragen nasa ne, kuma ya fi so a kira shi K.B. Duk Lahadi yana zuwa zance, a zaunar da ni a falo da littafin homework don kada a ce an bar su su kaɗai. Labarin kansa yake bayarwa tun daga sallama har bankwana, ni kuwa baki buɗe kamar wawuya. Anti Rabi ta haura talatin, kuma ta ƙi cewa e ta ƙi cewa a'a. Mama ta sa ta gaba. "Rabi, nan fa London ce, ba kullum ake samun namu ba," haka take cewa tana taka keken ɗinki. A ƙarshe Baba ya ce bayan hutun Ista ta ba shi amsa, ko a sa rana ko a sallami mutumin. Ni tuni na zaɓi launin ankon da zan sa.

A al'adarmu, idan za a yi baiko, dangin miji kan kawo goro da alawa da gishiri a raba wa 'yan uwa. Wata Lahadi Mama ta yi masa barkwanci cewa gishiri dai ba ya wahala a nan, ga shi a kowane supermarket. Sai ya dafa ƙirji. "Haba Hajiya, Rabi'atu fa! Gishirinta daga hamada zan ɗebo shi da hannuna, daga ƙasan teku. Na ma yi booking, har da ku duka." Baba ya dube shi ta saman tabarau. Ni kuwa na kwana ina maimaita maganar, don ko a littattafan akwatin ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba.

Shi ya kai mu filin nan. Direba ya gargaɗe mu kada mu bar sawun taya, domin a wasu wurare ɓawon gishirin ba shi da kauri, laka ce a ƙasa. Baba da Mama suka tsaya a inuwar mota, mu uku muka taka gaba. Uncle Kabiru ya fito da wata jakar fata da cokali, ya duba gishirin da ke gabansa ya yamutsa fuska, wai taya ta ɓata shi. Can gefe akwai wani mai ƙyalli kamar sukari. Ya dubi wurin, ya dubi takalminsa, sannan ya dube ni da murmushin nan nasa. "Safiya, 'yar albarka, ke ba ki da nauyi. Je ki cika mana daga can." Anti Rabi tana gyara gyalenta da iska ta kwashe, ba ta ji ba. Na karɓi jakar da gudu, ina jin ni ce manzon soyayya.

Ban kai ga ƙyallin ba ƙasa ta ce ƙaras, ta buɗe. Na nutse har gwiwa, na yunƙura, na ƙara nutsewa har cinya. Baƙar laka ce mai sanyi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana tsotsar ƙafafuna, gefen ɓawon kuma yana yanka ni kamar kwalba. Na ƙwala ihu na miƙa masa hannu, don shi ne mafi kusa. Ban manta abin da na gani ba. Ya ja da baya, ya kama ƙafafun wandonsa da yatsu biyu-biyu ya ɗage su, kamar mai tsallake kwata. "Don't panic! Kar ki motsa!" yake faɗa. Sannan ya ƙara da cewa, "Ɗaga jakar sama, ta fata ce!"

Anti Rabi ce ta taho. Ta yar da takalmanta, ta kwanta rub da ciki a kan gishirin, ta ja jiki kamar ƙadangaruwa, ta jefo mini bakin gyalenta. "Naɗa a hannu, ki dube ni, kar ki dubi ƙasa." Tana ja, gishiri yana yanka mata gwiwar hannu, jini yana ɗiga a kan farin nan. Baba ya iso da gudu ya kama ƙafafunta, suka fizgo ni kamar rogo, takalmina ɗaya ya tafi har abada. Duk wannan Uncle Kabiru yana tsaye yana ba da umarni da Turanci. Da muka koma mota ya shimfiɗa leda a kujera kafin in zauna, ya matsa jikin ƙofa, ya toshe hanci da hankici mai turare. A hanya ya sa aka tsaya wurin masu sayar da tsaraba, ya sayi gishiri cikin leda, irin wanda suke rinawa ya koma ruwan hoda don 'yan yawon buɗe ido.

Da muka dawo London ya aiko da shi a kwali da zare mai ƙyalli, kuma muka ji yana ba da labari a masallaci cewa shi ya haƙo shi, har ya ceci yarinya. Baba ya kira Anti Rabi falo. Ta zauna da bandeji a hannu ta ce, "Yaya, a mayar masa da kayansa." Mama ta dube ni, ta tashi ta haɗo kayan. Aka mayar da turare da atamfofi da agogo. Gishirin ne aka manta a bayan ƙofa, sai da sanyi ya shigo, wata safiya matakala ta daskare, council ba su zo watsa gishirin da ke narkar da ƙanƙara ba. Anti Rabi za ta fita aiki, ta ɗauko kwalin, ta watsa shi tun daga sama har ƙasa. Ranar kowa a gidan, har da karen wata tsohuwar Baturiya da ke zaune a ƙasanmu, sai da ya taka gishirin baikon K.B.

Yanzu an rushe ginin, an yi wasu masu gilashi da ba mai wasan carafke a bakinsu. Anti Rabi ta koma Katsina, ta auri wani gajere mai sanƙo wanda babu marubucin da zai ba shi ko shafi ɗaya, kuma idan muna waya ina jin shi yana tambayarta ko ta ci abinci. Tabon yana nan a gwiwar hannunta. Akwatin bai zo hannuna ba, a waya nake karatu a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu ƙamshin daddawa, babu mai gyara mini kalma. Ban daina son labaran ba, kuma ina marmarin in sake ganin farin filin nan tare da wanda zan yarda da shi. Sai dai duk jarumin da aka kawo mini, a takarda ko a fili, ƙafafun wandonsa nake fara dubawa.