Farar Rigar da Baba Ya Ajiye Mini

Yau ina kwashe kayan marigayi Baba, sai ga farar rigar likita a ƙasan akwatinsa. Na zauna daɓas.

A shekarun 1980 ya sayo yadin a masaƙar Kakuri inda yake aiki, ya kai wa tela tun sakamakon jarrabawata ta gama sakandare bai fito ba. Kowa a cocinmu ya san ni Rahila zan zama likitar haƙori.

Na faɗi kemistiri warwas.

Na ce, "Baba, in shiga makarantar share fage, ko in haƙura in tafi kwalejin malanta?"

Ya ce, "Shiga share fage, 'yata. Rigar za ta jira ki."

Sau uku ina maimaita jarrabawar, ban ci ba. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Yau na tarar da sabon kafur a aljihunta. Ashe bai daina jira ba.

Jama'a, wa zan ba rigar nan?