Ma'aunin Anti Kwafi

Anti Kwafi ake kiranta a layin, don tun tana budurwa take riƙe da ɗan shagon nan mai kwamfuta ɗaya, da firinta mai tari, da na'urar ɗaukar takardu da sai an danne murfinta. Abin da ya fito da ita shi ne matse fayil. Kowa ya san masifar: a ɗauki takardunka, a zo turawa, imel ya ce sun yi nauyi. Wasu shagunan sai su matse su har rubutu ya koma sawun kiyashi, ka tafi kana godiya, ba ka san an cuce ka ba.

Ita kam tana da ma'auni, kuma ma'aunin mahaifinta ne, tsohon mai gyaran agogo da ke wuni kan benci a bakin ƙofa. In ta rage nauyin fayil, sai ta buga shafin da ya fi ƙananan rubutu ta miƙa masa. In ya karanta, ta tura. In ya ce, "Uwata, wannan ai hayaƙi ne, sassauta," ta koma ta sassauta.

Bana sai Baba ya fara dawo da kowane shafi. Ta zagi firinta, ta canza tawada, har ta yi masa tsiya: "Baba, so kake ka korar min mutane?" Ran nan cikin hanzari ta miƙa masa takardar wani ta asali, wadda ko taɓa ta ba a yi ba, rubutu ɓaro-ɓaro. Ya kai ta dab da hanci, ya ce, "Sassauta."

Ashe ba firinta ba ce.

A asibiti aka ɗauki hoton cikin idonsa. Nas ta ce akwai babban likita a nesa, a tura masa hoton da sakamakon ta imel. In ya ga abin mai gyaruwa ne, zai sa Baba cikin waɗanda zai yi wa aiki. "Amma ki kula," in ji ta, "abin da yake nema ɗan ɗigo ne. In ya dushe, ba zai gani ba."

Takardun sakamakon ba su ba ta wuya ba. Ta mai da su baƙi da fari, ta datse gefuna, ta tura su daban. Hoton ne ya ƙi. Shi kaɗai ma imel ya tofo shi. Ta rage kaɗan, ya sake dawowa. Ta ƙara ragewa, gumi har cikin ido. Wayyo Allah, ita da ta matse takardun rabin unguwa! Ta jera na asali da matsattsen a allo, ja ne da jijiyoyi da ɗige-ɗige, ba ta san wanne ne ciwon ba, balle ta san ko ta share shi. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa: kada ta makantar da ubanta da hannunta.

Da imel ya karɓa, ta kasa danna turawa. Ta buga hoton a takarda, don hannu ya riga ya saba, ta tsaya riƙe da shi tsakiyar shago, ba wanda za ta nuna wa.

"Uwata, na ji firinta," in ji Baba daga benci. "Kawo in duba mana."

Ta miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar sama, ya daɗe yana kallonta yadda yake kallon cikin agogo a da. Bayan takardar yake kallo, fari fat.

"Ya fito tas," ya ce. "Tura."

Ta koma ciki ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji kukanta, ta danna.