Taku Goma Sha Huɗu na Kawu Douwe

A matsa, a cire hula! Ga Douwe Postma, ƙanin uwata, tsohon mai raba wasiƙu na ƙauyenmu a Friesland, Sarkin Yaƙin Taɓo, mai shebur uku da baro ɗaya, gwarzon da ya shekara shida yana faɗa da ruwa, ruwan bai ma san ana yi ba.

Ni ne Hidde. Makarantar kanikanci ta sallame ni tun kafin a zo darasin birki, don haka ina da lokacin zama a kan shingen da ya raba gidanmu da nasa in sha kallo.

Shekara talatin da huɗu Kawu ya yi a kan keke, iska na tura shi baya, karnuka na yi masa rakiya. Shi yakan jiƙe sharkaf, amma wasiƙa ba ta taɓa jiƙewa a hannunsa ba. Ya ajiye aiki ke nan sai shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da matarsa, Inna Sietske, a keken guragu. Abu ɗaya ta roƙa: a riƙa kai ta gindin tuffar da ta dasa a filin da ke bayan gidansu shekarar aurensu. Daga ƙofar baya zuwa bishiyar taku goma sha huɗu ne. A taku na uku tayoyin suka nutse, sai da muka taru muka ciro ta kamar dankali.

Nan yaƙi ya soma. Ya haƙa magudana zuwa lambatun bayan gidajenmu, ashe ruwan lambatun ya fi filin tudu, maimakon na ciki ya fita sai na waje ya kawo ziyara. Ya zuba yashi, ƙasa ta haɗiye. Ya zuba tsakuwa, ta haɗiye ta lashe baki.

Na ce, "Kawu, zuba mata shinkafa mana, ko yunwa take ji."

Ya ce, "Kai zan zuba, ka ga ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka."

A shekara ta uku ya binne bututu masu huji, ya sayo injin jan ruwa. Inna tana ganin injin ta taga ta kira shi.

"Douwe, ka fi ni sanin abin da ke ƙarƙashin gidan nan."

Kowa a nan ya sani. Ƙasarmu ruɓaɓɓiyar ciyawa ce, kamar soso, gidajenmu kuwa a kan turakun katako suke tsaye. Muddin turakun na cikin ruwa, sai su binne jikokinka. Ranar da suka sha iska, ranar suka fara ruɓewa.

Kawu ya ce, "Haba, Sietske, taku sha huɗu kawai nake nema. Ba teku zan ƙafar ba."

"Haka ka ce ranar da ka gyara bututun hayaƙi, muka kwana uku muna tari."

Ya kunna abinsa. Kuma wallahi filin ya bushe. Lokacin zafi biyu cur, kullum da hantsi yakan turo ta har gindin tuffa, bargo a cinya, kofi a hannu, tana yi masa faɗa a kan yadda yake aske rassa. Ban taɓa ganin mutumin da ake yi wa faɗa yana washe baki haka ba.

Sai ƙofar kicin ta ƙi rufuwa. Ya kankare ta. Sai miyar wake ta fara taruwa a gefe ɗaya na faranti. Sai tsaga ta fito daga saman taga ta nufi rufi, har yatsana yana shiga.

Aka kira magini. Ya haƙa rami a jikin bango, ya tura sukundireba a kan turke ɗaya, ta shige kamar a man shanu.

Ya ce, "Malam Douwe, ko ka kashe injin nan yau, ko ku fara ɗaure kaya. Wanda ya ruɓe dai ya ruɓe, saura ake ceto."

Ɗaure kaya a wurinsu ma'anarsa ɗaya: Inna ta tafi gidan kula da marasa lafiya a birni, Kawu ya koma ɗakin da ke saman garejinmu, kusa da ni. Ban san wanne ya fi tsorata shi ba.

Kwana biyu yana zagaya injin kamar mai jinya. A na uku Inna ta ce, "Kashe shi, tsoho. Ina ganin tuffar ta taga."

Ya kashe.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, soso in ya bushe sai ya motse. Filin ya sauka da kusan taƙi guda a shekarun nan. Da ruwa ya dawo, sai ya tarar an faɗaɗa masa masauki. Da taɓo ne, yanzu tafki ne, har agwagi biyu sun tare. Tuffa tana tsaye a ciki, ganyenta ya yi rawaya tun watan Yuli, ɓawonta na saɓulewa daga ƙasa. Tsagar bango ba ta ƙaru ba, ba ta kuma rufe ba. Inna tana bakin taga, ta daina ba da umarni a kan rassa.

Makon jiya na gan shi cikin dogon takalmin roba, ruwa har ƙwauri, yana tsinko 'ya'yan da suka rage. Guda biyar ne, biyu da tsutsa. Yana goge su da riga ɗaya bayan ɗaya zai kai mata. Abin ya taɓa ni, ni kuwa in abu ya taɓa ni sai baki ya ɓalle. Na miƙe tsaye a kan shinge na ɗaga hannu.

"Gaishe ka, Sarkin Yaƙin Taɓo! Mai shebur uku! Na Sietske, ba ka gudu, ba ka ci! Yau na rubuta tarihinka, duniya za ta ji!"

Ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Sauka daga shingen nan. Shi ma nutsewa yake yi."