Gutsattsarin Ustaz Girgis

Har gobe ban manta da wata Talata a shekarar 2013 ba, lokacin ina mataimaki a sashen gyaran tsofaffin takardu na wani ɗakin karatu a unguwar Zamalek da ke bakin kogin Nilu. Aikinmu adana bardi ne, wato takardar da mutanen dā ke yi da ciyawar bakin Nilu. Idan ta farfashe, sai a jera gutsattsarin a kan allo, a bi zaren ciyawar har kowane guntu ya sami ɗan'uwansa, sannan a rufe tsakanin gilasai biyu.

Shugabana Ustaz Girgis ne, dattijo Kirista Bakibɗe, wato ɗan tsohuwar cocin ƙasar, marar yawan magana. A can kowane mai ilimi Ustaz ake ce masa. Wata huɗu ya yi yana jera gutsattsari arba'in da ɗaya na wata addu'a. Ranar ana gyaran teburinsa, sai ya sauke allon ƙasa ya fita.

Ni kuwa Bazazzagi ne. A gidanmu ba a barin rubutu mai sunan Allah a ƙasa. Shi da kansa ya taɓa nuna mini sunan a jikin wani guntu. Na rasa inda zan ɗora allon, sai na tattara gutsattsarin cikin ambulan na ajiye saman kanta, ina ganin na yi abin kirki.

Da ya dawo ya ga allon wayam, sai ya juyo ya dube ni. Na yi bayani, na riga na sallama aikina.

Sai ya ce, "Habibu, ka san addu'ar su wa ce? Wasu Kiristocin farko ne da cocinmu ta ce sun ɓata, aka ƙone littattafansu. Ban yarda da abin da ke ciki ba. Kai ma haka."

Na ce, "Haka ne, Ustaz."

"Ma'alish, ba komai. Tun da aka binne ta ba wanda ya ɗaga ta don girman sunan sai kai. Amma mu nan, girmamawa ita ce ka bar abu inda ka same shi. Jawo kujera."

Wata biyar muka yi a kai. A nan na gane ba alƙalanci aka ɗauke mu ba, amanar waɗanda ba su da sauran mai tsaya musu aka ba mu. Talatin da tara sun koma gurbinsu. Biyun suna gefe cikin gilashin har yau, kuma duk sabon ma'aikaci su nake fara nuna masa, in ce aikina ne.